Kundin bin sawun baƙin tsuntsaye a fadamar Haɗeja

14 ga Oktoba, 2023

Na buɗe wannan kundi ne saboda tambayar da wata ɗaliba ta yi mini a aji shekaranjiya Alhamis, wadda na kasa amsawa yadda ya kamata duk da shekarun da na kwashe ina koyar da labarin ƙasa. Cewa ta yi, "Malam, shamuwar da ke kan tsamiyar masallaci ta tafi, to ina ta je, kuma wa ya gaya mata lokacin tafiya ya yi?" Na ba ta amsar da kowa ya saba bayarwa, cewa ruwa ta bi, amma tun kafin in rufe baki na ji amsar ba ta cika ba. Saboda haka na yanke shawarar in shafe shekara guda ina rubuta ranar zuwa da ranar tafiyar kowane baƙon tsuntsu da na iya ganewa a wannan yanki, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadama tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: madubin hangen nesa guda ɗaya na aro, littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ɗalibai shida da suka nuna sha'awa, sai wani dattijon masunci da nake kira Baba, wanda ya yarda ya riƙa ɗaukar mu a kwalekwalensa.

Aikin farko da muka yi yau shi ne ƙidaya sheƙar shamuwa a cikin gari, muka sami goma sha ɗaya a kan tsamiyar da kukoki biyu, duk babu kowa a ciki. Da na tambayi Baba inda take zuwa, bai yi wani dogon tunani ba ya ce, "Malam, gabas take yi, tun muna yara haka muke ganinta." Abin da masana suka gano bai saɓa wa maganarsa ba. Masu bincike daga Denmak sun taɓa ɗaura wa wasu shamuwoyi na'urar tauraron ɗan Adam a Jamhuriyar Nijar, suka bi su kudu maso gabas har Tanzaniya, kuma an san cewa daga Nuwamba zuwa Maris ana ganin garkunansu a Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana da Afirka ta Kudu, wato daidai lokacin da damina ta sauka a can. Ashe shamuwa damina biyu take ci a shekara, ba ta san rani ba.

4 ga Nuwamba, 2023

Cilakowa ta fara wucewa kudu a jere, ɗaya na bin ɗaya da irin tashinta na hawa da sauka. Ita ma baƙuwar damina ce, sai dai tafiyarta gajeriya ce idan aka kwatanta da ta shamuwa. A ruwa kuma mun ga ayarin farko na wasu ƙananan agwagi masu launin ƙasa da suka sauka cikin kirinjijiya, waɗanda littafi ya tabbatar mana daga Turai da Rasha suke zuwa. Baba ya bambanta su tun daga nesa ta yadda suke tashi a dunƙule da sauri, alhali ni sai da na yi ta juya madubi kafin in yarda.

2 ga Disamba, 2023

Hunturu ya kankama, an kusa gama yankan shinkafa, kuma fadama ta cika da baƙi. Wanda ya fi yawa a gonakin da aka girbe wani tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu da matsakaicin baki, da ke tsintar ƙwayar shinkafar da ta zube. Ɗalibaina sun raɗa masa suna mai kwala, domin sun gani a littafi cewa namijinsa yana fitar da wani tulin gashi a wuya lokacin neman mata a arewacin Turai da Saibiriya, adon da ba ma taɓa gani a nan saboda da kayan aiki kawai yake zuwa mana. A bayan shanun Fulani kuwa akwai wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya, suna kama ƙwarin da ƙafar saniya ta tayar, kafaɗa da kafaɗa da balbela.

A wannan makon ne na zauna na warware wa kaina dalilin ƙaurar, domin na lura duk ɗaliban sun ɗauka sanyi tsuntsayen suke gudu. Sanyi yana da nasa rabon, amma gashin tsuntsu riga ce mai ɗumi ƙwarai, kuma akwai ƙananan tsuntsaye da ke zama a Turai cikin ƙanƙara ba su je ko'ina ba, matuƙar suna samun tsaba ko 'ya'yan itace. Abin da hunturun can yake yi shi ne rufe rumbu: ruwa ya daskare, agwagwa ta rasa inda za ta tsoma baki; ƙasa ta taurare, mai dogon baki ya kasa tono tsutsa; ƙwari su mutu, mai cin ƙwari ya wayi gari ba kalaci; ga kuma yini ya gajarce har ba ya isa a nemi abin da zai riƙe ciki tsawon dare. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta farar shamuwar Turai, wadda tun fil azal take ƙetarowa Afirka, amma a 'yan shekarun nan da yawa daga cikinsu sun daina wahalar da kansu, suna zama a Sifen da Fotugal suna kiwo a manyan jujin birane duk tsawon hunturu. Sanyin yana nan yadda yake, abinci ne ya samu, sai tafiya ta faɗi.

Da na kawo wannan bayani a aji, wani yaro ya ce, "Ashe dai 'yan ci-rani ne, Malam." Ban ga abin gyarawa a maganarsa ba. Wanda ya bar ƙauye bayan girbi ya tafi Kano ko Legas ba ƙin garinsu yake yi ba, aikin da zai ci da shi ne ya ƙare, kuma da hadari ya fara haɗuwa zai tattara ya dawo gona. Wannan ne ma ya amsa wata tambayar, wato me ya sa ba sa zama a nan gaba ɗaya tunda sun sami wuri. A lokacin zafin Turai ƙwari suna fitowa da yawan da ba ya misaltuwa, yini yana kaiwa awa goma sha shida ko fiye, har a can ƙurya rana ba ta faɗuwa, saboda haka iyaye suna samun isasshen lokacin ciyar da 'ya'ya. A nan kuwa watannin Afrilu da Mayu su ne mafi tsanani, ruwa ya janye, kuma da damina ta sauka 'yan gida za su fara tasu hayayyafar, wuri ya yi kaɗan.

13 ga Janairu, 2024

Yau muka je dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, tafiyar da muka yi wata guda muna tara kuɗin motarta. Na zaɓi tsakiyar Janairu ne domin a wannan lokaci ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, aikin da aka fara tun 1967, saboda a lokacin yawancinsu sun zauna wuri ɗaya, ba a cika ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu ba. Mu dai ba mu cikin masu ƙidayar hukuma, koyo muke yi. Dabarar ita ce mutum ya ƙirga goma, ya riƙe girman wannan dunƙule a idonsa, sannan ya riƙa auna sauran garken da shi, goma-goma ko ɗari-ɗari. A garke ɗaya na agwagi mu bakwai muka fitar da lissafi bakwai, mafi ƙanƙanta bai kai rabin mafi girma ba, don haka ban rubuta adadin a matsayin sakamako ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne nau'o'in da muka gani: ƙaramar agwagwar nan ta Turai, wadda namijinta ya fara fitar da farar gira mai tsawo, da wata mai tsinin wutsiya da dogon wuya, da mai kwala, sai 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi.

A hanyar dawowa kwalekwale ya maƙale cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, wani ɗalibi ya miƙe da niyyar taimako, jirgin ya karkata, littafin da muke rubutu a fili ya faɗa ruwa. Shafi huɗu sun lalace. Daga yau da fensir za mu riƙa rubutu, kuma duk daren da muka dawo sai an kwafe a wannan kundi.

Kacalar nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce babban abin da masunta da manoma suke kuka da shi, kuma tana da alaƙa da tsuntsayen kai tsaye. Fadamar Haɗeja tana rayuwa ne da cikowa da janyewa: ruwa ya malala a Agusta da Satumba, sannan ya riƙa ja da baya a hankali cikin rani yana barin taɓo da ƙananan tafkuna, inda kifi da tsutsa da irin ciyawa suke taruwa. Baƙin Turai suna isowa daidai lokacin da wannan janyewa ta fara, shi ya sa wurin ya zame musu zangon farko mai ruwa bayan Hamadar Sahara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, yanayin cikowar ya sauya. Wasu wuraren sun daina samun ambaliya, wasu kuma ruwa ya daina barinsu ko da rani, kuma irin wannan ruwa mai kwanciya shi kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye fili, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye wa manomi gero da shinkafa. Duniya ta san darajar wurin, domin an sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare muhimman dausayoyi, a shekarar 2000, aka ƙara Baturiya da Dagona a 2008, amma a ganina suna a takarda ba ya buɗe hanyar ruwa, sai an daidaita yadda ake sakin ruwan daga sama.

10 ga Fabrairu, 2024

Baba ya zo mini da wani abu a ƙulle cikin tsumma, ya ce, "Malam, duba mini wannan, shekara da shekaru yana wurina." Ɗan zoben ƙarfe ne mara nauyi, wanda ya cire daga ƙafar wata agwagwa da ta faɗa komarsa tun yana da ƙarfinsa. Akwai alamar lambobi da rubutun boko a jiki, amma sun goge har ban iya haɗa kalma ɗaya ba ko da na sa tabarau. Na yi takaici ƙwarai, domin da rubutun ya fito, da mun san ƙasar da aka sa shi da shekarar.

Wannan dabara ta sa wa tsuntsu zobe mai lamba don a gane inda ya je, wani malamin makaranta ne ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara ta a 1899, kuma na ji daɗin sanin cewa abokin sana'ata ne. Kafin nan Turawa sun daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensu suke ɓacewa, har manyan masanansu sun yi ta rubuta cewa tsattsewa tana shiga taɓo ne ta yi barci sai bazara. Abin da ya fara buɗe musu ido ya faru a 1822 kusa da ƙauyen Klütz a arewacin Jamus, inda aka harbo wata farar shamuwa da mashi irin na Afirka ya soke ta a wuya, ta kuma yi tafiyar dubban kilomita da shi a jikinta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Na gaya wa ɗalibai cewa wani maharbi na wannan nahiya, wanda ba a san sunansa ba, shi ya aika wa Turai wasiƙar farko a kan wannan ilimi ba tare da ya sani ba.

Tsattsewar da suka ce tana barci a taɓo kuwa, fiye da miliyan guda daga cikinta suna kwana a dogayen ciyayin tsaunin Boje a Jihar Kuros Riba duk hunturu. Sai dai na gargaɗi yaran kada su ɗauka duk tsattsewa baƙuwa ce, domin wadda take ɗaura sheƙar laka a zaurukanmu 'yar gida ce.

16 ga Maris, 2024

Yau shida ga azumi, saboda haka da asuba muke fita mu dawo kafin rana ta take. Fadama ta shiga haramar tafiya. Mai kwala ya ragu sosai, kuma mazan ne suka fara gaba. Ƙananan tsuntsayen cikin ƙaya da kacala kuwa ba abin da suke yi sai ci, tun fitowar rana har faɗuwarta.

Wannan ci shi ne guzurinsu. Tsakaninmu da gaɓar Bahar Rum akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, wadda ƙaramin tsuntsu ba zai dogara da samun abinci ko ruwa a cikinta ba, don haka sai ya tara kitse a ƙarƙashin fata kafin ya tashi. Akwai wani ɗan tsuntsun cikin ciyawar ruwa da nauyinsa bai wuce gram 12 ba, kimanin dunƙulen Maggi uku ke nan, amma kafin tafiya yakan kusa ninka nauyin nan. Kitse ya fi kowane abinci ba da ƙarfi idan aka auna da nauyinsa, kuma yayin da jiki yake ƙona shi yana samar da ɗan ruwa, wanda ke rage wa tsuntsun ƙishi. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masana daga Birtaniya sun zauna a Malamfatori a bakin Tafkin Chadi suna kama irin waɗannan tsuntsaye suna aunawa, suka tarar da yawansu da 'ya'yan itacen asuwaki suke yin wannan ƙiba. Tun da na san haka nake kallon duk wata bishiyar da aka sare a bakin fadama da wani ido dabam.

Yawancin ƙananan da dare suke tafiya, lokacin da iska ta yi sanyi ta kuma lafa. Manya irin farar shamuwa kuwa sai rana ta yi zafi, domin iskar da ke tasowa daga ƙasa mai zafi suke hawa suna kewayawa har su yi sama, sannan su zame zuwa ta gaba ba tare da kaɗa fiffike sosai ba. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke kauce wa tsakiyar Bahar Rum, su bi ta mashigin Jibralta mai faɗin kilomita 14 kacal, ko su zaga ta Turkiyya da Sham da Masar.

Saura rabin tambayar ɗalibata, wato wa yake gaya musu lokaci. A Turai tsawon yini ne babbar alama. A nan kuwa, kamar yadda duk mai lura da lokacin sahur da buɗa-baki ya sani, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Wani masani Bajamushe, Eberhard Gwinner, ya tsare tsuntsaye shekaru a ɗakin da tsawon haskensa ba ya canzawa, amma duk da haka suka ci gaba da sake gashi da tara kitse da rashin natsuwar dare kusan a kan lokacinsu na kowace shekara. Ma'ana akwai kalanda a cikin halittarsu, hasken rana yana daidaita ta ne kawai. Game da hanya kuma, an tabbatar suna amfani da rana da taurari da maganaɗisun ƙasa. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na wani masani mai suna Perdeck a Holan, wanda aka wallafa a 1958: an kama tsuntsaye fiye da 11,000 suna cikin tafiya, aka kai su Suwizalan aka sake. 'Yan bana-bakwai da ba su taɓa tafiyar ba suka ci gaba da bin kusurwar da aka halicce su da ita, suka ƙare a kudancin Faransa da Sifen, manya kuwa suka gane an karkatar da su, suka gyara hanya suka nufi inda suka saba.

6 ga Afrilu, 2024

Zafi ya kai intaha, tafkuna sun koma kududdufai. Agwagin Turai sun tafi, sai ɗaiɗaiku. 'Yan rawayan da ke bin shanu sun yi kyau sosai, cikinsu ya yi rawaya shar, kuma kullum raguwa suke yi. Ba mu daɗe a fili ba.

4 ga Mayu, 2024

Shamuwa ta dawo. Ɗalibar da ta yi tambayar farko ita ce ta zo har gida da sassafe ta yi sallama, ta ce, "Malam, fito ka gani, guda uku a kan tsamiya." Na tarar da su suna gyara gashi, baƙaƙe masu farin ciki, fuskarsu ta yi shuɗi da ɗan ja a gaban ido, alamar lokacin aure ya yi. Tsofaffin da ke zaune a gindin bishiyar har sun fara maganar iri da gyaran gona, ko da yake ba a yi yayyafi ko sau ɗaya ba tukuna. Ba wanda yake taɓa ta a garin nan, yaro ma da danƙo a hannu ya san ba a harbin shamuwa, kuma ina ganin wannan kariya ce ta sa take zaɓar tsakiyar gari ta bar daji.

Idan na jera kwanakin da na tara, abin da ya fito fili shi ne fadamar nan gida ne mai baƙi kashi biyu da suke karɓa-karɓa. Na arewa suna zuwa bayan damina su ci abin da janyewar ruwa ta bari, na kudu suna zuwa gabanin damina su ci abin da saukar ruwa za ta fitar, wato fara da tsutsa da kwaɗi da shinge. Tsakanin tafiyar agwagin da isowar shamuwa, a lissafinmu na bana, wata guda ne kawai.

22 ga Yuni, 2024

An yi shuka, gero ya tsiro. Sheƙa tara daga cikin goma sha ɗaya suna da masu su, an kuma ɗaura sabuwa guda a kan kukar bayan kasuwa. A biyu daga ciki muna hango kawunan 'ya'ya, sauran kuma iyaye suna kwance. Da hantsi shamuwoyin sukan sauka bayan masu noma suna tsintar abin da fartanya ta tono.

Na ƙara wani shafi a kundin domin rubuta ruwan sama, bayan na karanta abin da ya faru a 1969. A bazarar wannan shekara masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka ga kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba, kuma da aka bi diddigi sai aka gano ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968 ne ya hallaka su, farkon farin nan da iyayenmu ba su manta da shi ba. Tunda yawan baƙin da za mu gani a Nuwamba da ƙarfin da za su koma da shi a Maris sun rataya a kan daminar da muke ciki, babu amfanin rubuta tsuntsu a bar ruwa. Mun yanka wata robar ruwa mun manna mata ma'auni, mun kafa ta a filin makaranta nesa da bishiya, ɗalibai biyu za su riƙa dubawa kowace safiya da ƙarfe bakwai. Wasu biyu za su ci gaba da zagayen sheƙa duk Asabar har 'ya'yan su tashi, domin bara ba mu sami ainihin ranar da shamuwa ta bar gari ba, sai dai muka wayi gari ba ta nan. Baba kuma ya yi alkawarin sanar da sauran masunta cewa duk wanda ya sami zobe a ƙafar tsuntsu ya kawo shi tun rubutun bai goge ba.